Ƙarfen da Ya Shiga Cikin Yayata

Yayata ce ta goye ni. Ta girme ni da nisa, har baƙi kan ɗauka ita ta haife ni, ita kuma ba ta gyara musu. Tun da mijinta ya rasu ta riƙe gonarsa da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Burumburum, ta kuma ƙi bari kowa ya noma mata ita don tausayi. Ni ina koyarwa a wata firamare a Kiru, amma duk kaka nakan samu Asabar guda in je in taya ta casar masara. Taimakon nawa bai wuce riƙe bakin buhu ba, ita ma ta sani, amma tana son a ga ƙaninta ya zo.

A waccan shekarar masarar ta yi kyau. An tara ta tsibi guda a fili, mai injin casa ya zo tun da hantsi ya kafa injinsa. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da irin wannan inji ba, ganga ce ta ƙarfe a ciki, an yi mata waldar haƙora, tana juyawa da gudun da ido ba ya iya bi. A zuba masara ta sama, tsaba ta fito ta gefe, totuwa ta yi tsalle ta baya. Ƙararsa kuwa, sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka.

Yaya tana can gefe da wasu mata biyu suna shiƙa. Ta sunkuya za ta ɗebo tsaba a ƙwarya, sai injin ya yi wata ƙara, ƙwas, kamar an fasa dutse, sa'an nan ya ci gaba da aikinsa. Na ga ta miƙe ta dafa gefen cikinta na hagu, ƙasa da haƙarƙari, tana waige-waige.

Na matsa na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ce, "Rina ce ta harbe ni. Shegiya, ban ma gan ta ba."

Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga mata gefen riga ta duba. Ɗan tsagi ne, bai kai faɗin farce ba, da ɗigon jini a bakinsa. Matar ta ce wannan ba harbin rina ba ne, wataƙila tsakuwa ce injin ya cillo. Yaya ta goge wurin da bakin zane, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma shiƙa. Wallahi ta koma shiƙa. Ina gani ta ɗaga ƙwarya sama, iska na kwashe ƙaiƙayi, har tana yi wa mai ɗinke buhu faɗa wai yana barin baki a sake.

Ba a jima sosai ba ta ce ƙishirwa take ji. Ta sha ruwa, ta sake sha. Sai ta zauna a kan buhu, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ana tsakar aiki. Ta ce, "Auta, zo ka danna mini kafaɗar nan, ta riƙe." Kafaɗar hagu take nufi. Na danna, ta ce ba a nan ciwon yake ba, kuma a nan yake. Hannuna ya taɓa wuyanta na ji shi sanyi ƙalau, ga gumi yana tsattsafowa a goshinta. Na dubi leɓɓanta na ga sun yi fari kamar ta ci toka.

A daidai lokacin mai injin ya kashe injinsa, don ya ji sautinsa ya sauya. Ya buɗe murfin ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya taho wajenmu. Ya ce, "Malam, haƙori ɗaya ya ɓalle. Rabinsa ba ya ciki." Ya nuna mana wata 'yar ɓula a jikin murfin, inda ƙarfen ya huda ya fita. Muka dubi ɓular, muka dubi inda Yaya ta tsaya ɗazu.

A babur muka kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa, ni a baya ina riƙe da ita. Malamar asibitin da muka tarar mace ce mai jiki, mai magana a hankali. Ta saurari bayanina tana riƙe da wuyan hannun Yaya. Ta ja fatar idonta ƙasa ta duba. Ta ɗora tafin hannu a cikin ta danna a hankali, sai Yaya, wadda ta haifi 'ya'yanta ba a ji kukanta a waje ba, ta yi wata ƙara.

Malamar ta ce, "Ku taya ni mu juya ta."

Muka juya ta. Ta bi bayanta da ido da hannu, daga kafaɗa har ƙugu, ta duba ɗaya gefen, ta duba hammata. Na tambaye ta me take nema.

Ta ce, "Inda ya fita. Ban gani ba. Yana ciki ke nan."

Na ce, "Malama, amma ramin ɗan ƙarami ne."

Ta ce, "Ƙofa ce kawai kake gani, Malam. Ɗakin yana ciki."

Ba ta sa komai a ramin ba, ba ta zura yatsa ko ƙarfe don ta laluba ba. Ta rufe shi da auduga da filasta, ta ɗaura wa Yaya ruwa a hannu, ta ce mu nemi mota yanzu-yanzu mu wuce babban asibiti a Kano. Ta riƙe hannuna ta ce komai roƙon da Yaya za ta yi kada in ba ta ruwa, ko kurɓi ɗaya, don tiyata za a yi mata. In ƙishin ya dame ta in jiƙa ƙyalle in shafa mata a leɓe.

Wani maƙwabcinmu mai ɗaukar kayan gwari ya ba da motarsa. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata, hannuna ɗaya a sama riƙe da ledar ruwan. Na sha bin wannan hanya, amma ban taɓa sanin tana da ramuka haka ba sai ranar, domin kowanne muka faɗa sai na ji shi a jikinta. Muka wuce Kwanar Dangora tana magana da ni sarai. Ta ce a rufe masarar da tamfol kada awaki su shiga. Ta ce akwai tukunya a kan wuta a gida. Can gaba ta fara roƙon ruwa.

"Auta, don Allah. Kaɗan."

"Yaya, an hana."

"Ni na shayar da kai kunu da hannuna, yau kai ne za ka hana ni ruwa?"

Na jiƙa bakin hankicina na shafa mata. Ta tsotsi ƙyallen ta rufe ido. Ina kallon cikinta ta cikin riga, sai na ga kamar yana ɗan tasowa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne audugar da aka manna mata tana nan fara fat. Mutum yana ƙarewa a hannuna saboda zubar jini, amma ban ga jinin ba.

A ɗakin gaggawa na babban asibitin ba a tsaya dogon tambaya ba. Na ce ƙarfe ne ya shige ta a ciki, sai kawai na ga mutane sun taso. Aka ɗora ta a gado, wata nas ta sa almakashi ta tsarge rigar daga ƙasa har wuya, wata ta huda ɗaya hannun ta ƙara ledar ruwa, wani yana kiran awon jininta da ƙarfi. Likitan da ya zo ba tsoho ba ne, siriri, idonsa ja kamar bai yi barcin kirki ba. Shi ma abin da ya fara yi shi ne ya sa aka juya ta, ya nemi mafita. Sa'an nan ya shafa wani ruwa mai yauƙi a cikinta, ya ɗora kan na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu.

Ina tsaye daga ƙafar gado, ba wanda ya tuna ya kore ni. A allon ban ga komai ba sai toka-toka yana motsi. Likitan ya tsayar da hannunsa a ƙasan haƙarƙarinta, ya nuna wani baƙin layi mai kauri da ya kewaye wani abu.

Ya ce, "Kai ne ɗan'uwanta? Ka ga baƙin nan? Jini ne. Bai kamata a gan shi a nan ba."

Na ce, "Likita, ta ce kafaɗarta ke ciwo. Ko can ma ya taɓa?"

Ya ce, "A'a. Jinin ne ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Jijiyar da ke kai saƙon wurin tare suke tafiya da ta kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce. Kafaɗar lafiyarta lau."

Ko a cikin wannan tashin hankali sai da maganar ta tsaya mini. Ashe tun muna fili, lokacin da nake danna mata kafaɗa, jikinta yana faɗa mana abin da ke faruwa, mu ne ba mu jin yarensa.

Aka turo wata na'urar aka ɗauki hoton ƙashi a nan kan gadon. Likitan ya ɗaga hoton ga hasken taga, ya kira ni. Na kai idona ƙasan haƙarƙari na hagu, inda na san ramin yake. Babu komai a wurin. Ya sa bayan biro ya sauko da shi ƙasa, ya yi ciki, har kusa da ƙashin baya, sama da ƙugu. A nan na gan shi: ɗan fari tas, ya fi ƙashin haske, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa, gefe ɗaya a karkace. Tsakanin inda ya shiga da inda ya tsaya ya fi tsawon tafin hannuna.

Likitan ya ce, "Duk abin da ke tsakanin nan da nan, ya bi ta cikinsa. Sai mun buɗe za mu san me da me."

Suka ce ana bukatar jini. Na miƙa hannu. Ina kwance ana ɗiba sai na ga mutum ya shigo, rigarsa duk baƙin mai da ƙaiƙayi. Mai injin ne. Ashe ya biyo mu a babur tun daga ƙauye. Bai iya haɗa ido da ni ba, ya dai naɗe hannun riga ya ce wa mai ɗibar jinin, "A ɗebi duk yadda ake so." Aka gwada, nasa ya yi daidai da nata.

An shiga da ita bayan azahar. Muka zauna a benci ni da shi. Muka yi la'asar a masallacin asibitin, muka dawo muka zauna. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce ya duba haƙoran nan da safe, da hannunsa ya girgiza kowanne. Na ce na sani. Ban sani ba. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, ƙofar ta buɗe, likitan ya fito da hula a kansa, gaban rigarsa a jiƙe da gumi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tana nan."

Mai injin ya sulale daga kan benci ya kai goshinsa ƙasa.

Likitan ya zauna kusa da ni, ina jin don ƙafafunsa sun gaji ne. Ya ce ƙarfen ya fara yankar gefen saifa, daga nan jinin yake zuba, kuma ba ta ɗinkuwa, sun cire ta. Na ce, cire ta gaba ɗaya? Ya ce gaba ɗaya, mutum yana rayuwa ba ita, sai dai a yi mata wasu allurai, a kuma daina wasa da zazzaɓin sauro. Daga saifa ya bi ta hanji ya huda shi a wurare da dama, sun bi shi kaf da yatsu, sun ɗinke kowace ɓula.

Na ce, "Ƙarfe ɗaya, yaya zai huda wurare da dama?"

Ya zaro hankici daga aljihu ya ninka shi, ya sake ninkawa, ya dafa kan biro a tsakiya. Ya ce in ya soka biron nan sau ɗaya ya warware hankicin, ɓula nawa zan gani? Haka hanji yake kwance a ciki, ninki a kan ninki. Kuma kowane ninki bango biyu ne, na shiga da na fita, shi ya sa in suka ga ɓula ɗaya ba sa hutawa sai sun nemo 'yar'uwarta.

Ya ce wuƙa abin da ta taɓa kawai take yanka. Amma abin da ya zo da gudu, ƙarfin gudun nasa yake sauke wa nama, ya ture shi gefe da gefe kafin ya koma, kamar ka jefa dutse a taɓo. Ga shi wannan ba mulmulalle ba ne, yana tafe yana juyawa. Ya ce sa'ar da aka yi, murfin injin da ya fara hudawa ya rage masa ƙarfi. Da harsashin babbar bindiga ne ya bi wannan hanyar, naman da bai ma taɓa ba sai ya mutu, kuma da ba mu iso da ita ba.

Sai ya kira wata nas ta kawo wani ɗan kwano na silba. Na ɗauka ƙarfen ne a ciki. Da na leƙa sai na ga ɗan ƙyalle, bai kai farcen babban yatsa ba, an wanke shi. Shuɗi ne da ɗigon rawaya. Atamfar rigar Yaya ce. Ƙarfen ya yanke ta ya tura ta gaba, har cikin hanji suka same ta. Likitan ya ce irin wannan suke tsoro fiye da ƙarfen kansa, don shi ke shiga da datti ya ruɓar da ciki. Na daɗe ina kallon ƙyallen nan. Ni na saya mata atamfar da sallar da ta wuce.

Na ce, "To ina ƙarfen?"

Ya ce, "Yana nan inda ka gan shi."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya ce in zauna. Ya ce ƙarfen ya nutse cikin naman da ke jikin ƙashin baya, kuma dab da shi babbar jijiyar jini ce, wadda ke saukowa daga zuciya ta ciyar da rabin jiki na ƙasa. Kaurinta ya kai babban yatsa. Ya ce ya ɗora yatsarsa a wurin, yana jin tudun ƙarfen a gefe ɗaya, jijiyar tana bugawa a ɗaya gefen. Ya haɗa yatsunsa biyu ya bar ɗan tsakani, wanda da ƙyar takarda za ta wuce in an ninka ta. Ya ce tono shi ya fi barinsa haɗari.

"Mu ba ƙarfe muka shiga nema ba, Malam. Ɓarnar da ya yi muka shiga gyarawa."

Na tambaye shi me ya tsayar da shi a nan, bai ƙara ko kaɗan ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙarfinsa ne ya ƙare. Sa'an nan ya ce, "Allah ne ya tsayar da shi."

Kwanakin da suka biyo baya na koyi abubuwan da ban taɓa tunanin zan damu da su ba. Yaya tana kwance da roba a hanci, wata a gefen ciki, ɗinki tun daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya. 'Yarta ta zo daga gidan mijinta tana jinyarta. Kullum da safe likitoci su zagayo su ɗora abin sauraro a cikinta, su yi tsit kamar masu jiran labari daga nesa, su tambaye ta ko ta yi tusa. Ranar farko ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wane irin rashin ta-ido ne wannan, yara sa'o'in 'ya'yanta. Nas ta yi mata bayani cewa hanjin da aka taɓa yakan yi barci, kuma ba za a ba ta ko ruwa ba sai ya farka, alamar farkawarsa ke nan. Ranar da abin ya samu, 'yarta ce ta fito baranda da gudu tana dariya tana hawaye ta gaya mini. Aka ba ta ruwa a cokali. Ta riƙe shi a baki ta daɗe kafin ta haɗiye.

Ranar da za a sallame ta likitan ya zo da kansa. Yaya ta riga ta ji cewa ƙarfen yana jikinta, ta kwana biyu tana juya maganar. Ya gaya mata jiki zai yi masa gini, ya naɗe shi da wani nama mai tauri ya killace shi, ba zai yi yawo ba. In ta ji zazzaɓi ko sabon ciwo ta dawo, kuma duk asibitin da ta je nan gaba ta faɗa musu yana nan.

Ta ce, "Ɗana, in tambaye ka. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, sai an cire shi kafin a yi mini wanka?"

Ya ce, "A'a, Baba. Ba mai taɓa shi."

"Da shi za a kai ni?"

"Da shi."

Ta shafa gefen cikinta a hankali, sa'an nan ta ce, "To shi ke nan. Ya zama nawa." Ta juya ta ce wa 'yarta ta miƙo mata takalmanta.